Yashin Ƙofar Gidan Su Luba

Ba zan taɓa mantawa ba da wata 'yar baƙar leda cike da yashi, wadda ta kusa raba ni da matata tun kafin ta zama matata. Yau dai zan ba da labarin da bakina, tunda dangin matar tawa sun riga sun gama yaɗa shi a Sakkwato, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. A lokacin shekarata talatin da huɗu, ina aiki a wani ofis da ke Sama Road, ina da gemu daidai gwargwado, har idan limamin ofis bai zo ba ni ake turawa gaba. Duk wanda ya gan ni da safe da hulata da jakata zai ce ga kamilin mutum. Abin da ba wanda ya sani shi ne, idan na koma ɗakina a Arkilla na tura ƙyaure, wasa nake yi da sojojin roba.

(Na san masu wannan harka ba sa son a ce mata wasa. Da kare kaina nake yi, sai in ce aikin hannu ne, ko nazarin tarihi. Amma na riga na sha kunyar da ta fi wannan, don haka mu bar shi a wasa.)

Kakana ne ya ja min, Allah ya jiƙansa. Yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin ƙasar Bama, ban kuma taso na same shi ba, sai wani tsohon hoto da ya dushe, da labarai a bakin kakata. Wata rana ina latse-latsen waya na ci karo da bidiyon wani tsohon Bature yana fentin 'yan mitsi-mitsin sojoji yana jera su a kan tebur, ga tsaunuka ga koguna, sai ka rantse daga jirgin sama kake kallon duniya. Na kalla har sau biyar. Bayan wata biyu wani abokina da ke sayo kaya daga waje ya kawo min kwalin farko, na ce masa tsarabar yaran yayata ce. Ƙarya ta farko ke nan.

Kowane soja bai wuce gaɓar ƙarshe ta ƙaramin yatsana ba. Toka-toka suke zuwa, ba ido ba baki. Sai na wanke su da ruwan sabulu, na manna kowanne a kan murfin kwalba don in sami abin riƙewa, na fesa musu baƙin fenti, sannan in bi su ɗaya bayan ɗaya da kakin soja, da takalmi, da ɗamara, da bindiga. Burushin da nake yin fuska da shi, gashinsa bai fi a ƙirga da ido ba. Da siffar Turawa masu yin su suka ƙera su, amma kafin su bar hannuna duk sun zama 'yan Arewa, har akwai wani kofur da na yi wa tsagar gado a kumatu, wadda ni kaɗai nake iya gani. Daga nan sai in tsinka fenti mai duhu da ruwa in shafa, ya gangara cikin lungunan riga ya fito da su, in ya bushe in goga busasshen burushi sama-sama don gefuna su yi haske. Soja guda yakan ci min yammaci sukutum, kuma ban taɓa jin na yi asarar lokaci ba.

Idan fenti ya kammala sai a yi wa soja wurin tsayawa. Ni tsoffin kwandalolin nan da ba mai karɓa a kasuwa nake amfani da su. In manna shi a kai, in shafa farin gam na kafinta a kewaye da ƙafafunsa, in barbaɗa yashi, sannan in ɗan sa ciyawa. Ciyawar garin katako ce da nake roƙa wurin 'yan katako in rina ta kore. (Na taɓa gwada garin kuka. Kyau kam ya yi, ba a magana, amma cikin kwana biyu kyankyasai suka yi kiwo a filin dagar tas.) Filin kansa falanki ne mai girman rabin ƙofa. Tsaunukan na farin soson da ake sako firiji a ciki ne, na sassaƙe su da wuƙa na shafe da filasta. Itatuwa waya ce na murɗa na liƙa mata soson wanka, gora kuma tsinken tsintsiya. Kogin da ya ratsa tsakiya sai da na yi masa shafi bakwai na banish, man ƙyalli na kafintoci, kafin ya yarda ya yi kama da ruwa.

Abu ɗaya ya gagare ni, shi ne yashi. Ina son in yi jar hanya da za ta taso daga bakin kogi ta zagaya tsauni, amma yashin Arkilla duk na gini ne, mai tsakuwa. A idonka yashi ne, amma ka ajiye shi kusa da sojan da bai kai gaɓar yatsa ba, sai kowace ƙwaya ta zama dutsen da ya kai masa gwiwa. Na tankaɗe da rariya, na tankaɗe da matacin shayi, har da tsohon ɗankwali na gwada, bai yi ba. Sai da ta kai ba na iya tafiya a titi ba tare da kaina yana ƙasa ba. Mutane suna cewa kunya ce da tarbiyya, alhali yashi nake nema.

To, a cikin wannan hali ne nake neman auren Luba. Malamar firamare ce, gidansu yana Minanata, mahaifinta Alhaji ɗan kasuwar hatsi ne, mutum mai faɗa a ji a unguwa. Shekara biyu muna tare, ina son ta son da ni kaina yake ba ni tsoro, kuma magana ta yi nisa, har an tsayar cewa ranar Asabar mai zuwa Baffana zai jagoranci manya su je a sa rana. Na faɗa mata komai na rayuwata, har bashin azumin da nake ramawa, ban da sojoji. Ta sha tambayata abin da ke sa farcena yake kore-kore, ni kuma kullum amsata ɗaya ce: tawadar ofis.

Ranar Lahadi bayan la'asar na je wurinta. Damina ce, ruwa ya ɗauke ke nan, gari ya yi luf. Muka tsaya a ƙofar zaure muka yi 'yar hirarmu, na miƙa mata dabinon da na riƙo mata, ta juye a gefen mayafi ta maido min da ledar, ta yi min sallama ta shige gida. Na juya zan nufi babur ɗina, sai idona ya sauka ƙasa kamar yadda ya saba.

Jama'a, ga shi nan. Ruwan da ya zubo daga indararo ya wanke ƙasar wurin ya tace ta, ya bar wani lallausan yashi ja-ja, mai laushin garin tuwo. Shekara guda ina neman irinsa. A tsakiyarsa kuwa ga sawun takalmin Luba raɗau, inda ta tsaya muna hira. Wallahi ban ga sawun ba. Hanyata kawai na gani, ta taso daga bakin kogi tana zagaya tsauni.

Na tsuguna na murza shi a tsakanin yatsu. Na ciro baƙar ledar dabino. Sai kunya ta kama ni, kada wani ya ga ƙato da gemu yana wasan ƙasa, don haka na waiga dama, na waiga hagu, na sake waiga dama. Na dumbuza sau uku, na ƙulle bakin ledar, na cusa a aljihu, na hau babur na bar unguwar da sauri. Abin da ban waiga ba shi ne bayana. A gindin dogon yaron da ke tsallaken hanya, Gwaggo Hassi, ƙanwar Alhaji, tana tsaye tun ɗazu, ta dawo daga barkar haihuwa ta fake wa yayyafi.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da ake nufi idan aka ce namiji ya ɗebi ƙasar sawun mace ya ƙulle a baƙar leda. Wurin boka za a kai, a juyar mata da hankali. Ni ma na san wannan sarai tun ina yaro. Kawai dai a wannan lokacin kaina yana Bama.

Kwana uku na yi cikin farin ciki. Na shanya yashin, na shimfiɗa gam, na barbaɗa, hanya ta fito yadda na yi mafarkinta. Na lura Luba ba ta ɗaga wayata, amma na ce hidimar makaranta ce. Ranar Laraba Baffa ya aiko in same shi a gida. Na tarar da shi a kan buzu, ko gaisuwata bai amsa da kyau ba.

"Zamna," in ji shi. "Mi kay yi ƙohwar gidan Alhaji ran Lahadi?"

Na ce zance na je, kamar kullum.

"Sun aiko a dakata da maganar sa rana. Sun ce an gane ka kana ɗibar sawun ɗiyassu. Kai da ke jan mutane salla, yanzu bokaye kaka bi?"

Na ce, "Baffa, wallahi yashi ne kawai na ɗiba."

"Na mi?"

Nan fa ake yin ta. Ƙofa biyu ce a gabana: ko in bari a ɗauke ni mai bin bokaye, ko in faɗa wa mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina cewa ɗan da yake shirin yi wa aure yana da rundunar sojojin roba a ƙarƙashin gado. Kuma don in yi muku gaskiya, sai da na tsaya ina auna wadda ta fi sauƙi. Shirun da na yi ina wannan awo shi ya ƙarasa ni. Baffa ya kaɗa kai ya ce in tashi in ba shi wuri.

Washegari Luba ta ɗaga waya. Muryarta a dashe, da ji ta sha kuka. Ta ce kwana huɗu ke nan Gwaggo tana ɗura mata rubutu safe da yamma, an turare ɗakinta har idonta yana ruwa, an share ƙofar gida an yayyafa mata ruwan addu'a. Wai Gwaggo tana ta faɗa wa mata cewa yanzu ta gane dalilin da ya sa Luba ta ƙi mai shagon magani, ta ƙi ɗan Alhajin da ke da mota, ta nace wa wannan siririn mai babur. Da ma ta san ba banza ba. (Wannan ta fi komai yi min ciwo, musamman da na ga hujjar tana da ƙarfi.)

"Ni ban yarda ba," in ji Luba. "Amma Gwaggo ba ta ƙarya. Ta ce da idonta tag gane ka, har kana waige-waige. Ka hwaɗa min gaskiya, Malam. In ka ɓoye min, ba sai Baba ya hana ba, ni da kaina zan ce a bari."

Na san Luba, in ta faɗi magana ta zauna. Na runtse ido na faɗa mata komai, tun daga hoton kakana har zuwa kyankyasan da suka cinye garin kuka.

"Sojoji," in ji ta a hankali. "Na roba. Awa na yara?"

"Ba na yara ba ne, ai su waɗannan sai an..."

"Guda nawa?"

"Sun ɗan haura ɗari biyu."

Na ji wani sauti da ban iya tantance ko dariya ce ko kuka ba. Sannan ta ce, "Wallahi da boka ne da ya hi sauƙin bayani ga Baba." Sai kuma muryarta ta sauya. "Ke nan shekara biyu kana min ƙaryar tawada. Mi kaka tsoro? In yi maka dariya? To da na yi, sannan in aure ka."

Ta fi ni gaskiya. Ta ce ba wanda zai yarda da bayanin baki, sai dai in kwaso su gaba ɗaya in kawo a gani. Za ta roƙi mahaifinta ya saurare ni ranar Asabar, ranar da da za a sa mana rana.

Asabar da hantsi na sa shaddata mafi kyau, na jera runduna a kan falanki, na lulluɓe da zanin gado, na tari Keke mai ƙafa uku. Baffa, wanda da ƙyar na roƙa ya yarda ya raka ni, ya zauna a gefena yana kallon titi, ko tambayar abin da ke ƙarƙashin zanin bai yi ba. Mai Keken ne ya leƙo ta madubi ya ce, "Kek ɗin biki na, Malam? Allah shi sa alheri." Na ce amin. Tun daga Arkilla har Minanata falankin yana kan gwiwoyina, duk ramin da muka faɗa sai in ji wata bishiya ta faɗi a ciki.

A zaure muka tarar da Alhaji a kan darduma da carbinsa, fuskar nan ba annuri. Kusa da shi wani dattijo ne dogo mai sanda, yayansa, wanda kowa ke kira Baba Sajan, tsohon soja ne da ya yi ritaya tun ina firamare. Ƙofar da ke shiga cikin gida kuwa an saki labule, amma ta ƙasansa ina hango ƙafafun mata sun fi biyar. Na durƙusa na gaishe su, kaina a ƙasa. Aka amsa a taƙaice.

"An ce ka taho da bayani," in ji Alhaji.

Na ajiye falankin a tsakiyar zaure, na yi bisimilla a zuci, na yaye zanin.

Sojoji ɗari biyu da 'yan kai suna tsaye a kan kwandaloli, sun ɗaga bindigogi suna kallon surukaina. Can sai muryar Gwaggo Hassi ta fito daga bayan labule, tana salati. "Ga su nan, mutum-mutumi. Ni na hwaɗa muku. Ku duba, har bisa kuɗi yal liƙa su."

Alhaji bai yarda ya taɓa ko ɗaya ba. Da bakin carbi ya nuna na gaba. "Wanga wa na?"

"Kofur ne, Baba."

"Kofur." Ya maimaita kalmar kamar yana ɗanɗana ta. "To ina ƙasar ƙohwar gidana?"

Na nuna jar hanyar da yatsa. "Ga ta nan, Baba. Hanya ce."

"Hanyar zuwa ina?"

"Ta motocin da ke kawo musu abinci ce."

Na saci kallon Baffa, na ga ya ja hannun babbar riga ya rufe rabin fuskarsa. Zufa ta karyo min har tana ɗiga a kan kogin. Na tabbata a raina cewa shi ke nan, na rasa Luba, kuma na rasa ta a hanya mafi wauta da aka taɓa rasa mace.

Sai Baba Sajan ya motsa. Ya ciro tabarau daga aljihu, ya dogara sanda ya sauko a kan gwiwoyinsa da ƙyar, ya kawo fuskarsa dab da tsaunin. Ya daɗe yana kallo, ya bi kogin da ido, ya bi hanyar, ya leƙa bayan itatuwa.

"Ku bar yaron ga," in ji shi. "Wanga ba tsahi ba na. Teburin rairai na. Da irinshi anka koya muna aiki a bariki. Kahin a hita, sai a tara mu a nuna muna ga tudu, ga rahi, ga inda abokan gaba suke. Sai dai namu bai kai wanga kyau ba."

Wani sanyi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa. Da a ce an tashi taron a nan, da na fita da sauran mutuncina. Amma Baba Sajan bai gama ba.

"Wa yaj jera sojan ga?"

"Ni ne, Baba," na faɗa, har da ɗan alfahari.

"To ka kashe su duka. Ka tara mutane cikin kwari, ruwa na bayansu, ka bar tudu ba kowa. Babbar bindigarka kuma ƙeyar mutanenka taka kallo. Wanda yay yi haka a gaban kwamandanmu sai ya kwan gadurun." Ya cire tabarau ya dube ni. "In ka jera su, mi kaka yi da su?"

Na so in ce kallo kawai nake yi. Amma na tuna abin da ƙarya ta ja min, kuma na san Luba tana bayan labulen nan tana ji. Na sa hannu a aljihu na ciro ɗan lido guda biyu da tef ɗin tela. Na yi bayani cewa da tef ake auna nisan tafiyar soja, ɗan lido kuma shi ke nuna ko harbi ya samu ko ya kuskure.

"Caca ke nan," in ji Alhaji.

"A'a Baba, ba a sa komai. Ni kaɗai ma nake yi."

"Kai ɗai? Kai ka kai hari, kai ka tarewa?"

"E, Baba."

"To wa ka cin nasara?"

"Wani lokaci ni, wani lokaci kuma... ni ɗin dai."

Wani ɗan tari ya fito daga bayan labule. Baba Sajan ya ce, "Gwada muna mu gani."

Na matso da gwiwa. Na auna da tef, na tura kofur da mutanensa biyar zuwa bakin hanya. Na girgiza ɗan lido na watsa a kan darduma, sai ga shida da shida. Duk wanda ya san wasan ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, sai ka yi wata ba ka gan shi ba. To shekara huɗu ina wannan abu ni kaɗai a ɗaki a rufe, kuma akwai abin da bakina ya saba yi a irin wannan lokaci, wanda ban taɓa lura da shi ba saboda ba mai ji.

"Tatatatatata! Buuum!"

Ban tsaya nan ba. Na sa yatsa na ture wani sojan abokan gaba, na kuma yi masa kukan mutuwa da siririyar murya: "Wayyo, sun kashe ni."

Sai da sautin ya bugi bangon zaure ya dawo kunnena sannan na gane daga bakina ya fito. Ni, mai shekara talatin da huɗu, cikin shadda mai aiki, durƙushe a gaban mutumin da nake roƙon ya ba ni 'yarsa. Yatsana yana nan a kan gawar sojan, na kasa janye shi. Na yi fatan ƙasa ta tsage in shige, sai kuma na tuna ƙasar gidan nan ce ta kawo ni inda nake.

Dariyar farko daga bayan labule ta fashe, kuma na san mai ita, ta Luba ce. Sauran matan suka ɗauka, har wata tana neman ruwa. Alhaji ya yi ta maza ya danne tasa, ya cije leɓe, amma kafaɗunsa suna rawa, har carbin ya suɓuce ya faɗa cikin kogina. Baffa kuwa ya ɗaga kai yana nazarin rufin zaure kamar shi aka ba kwangilar gyara shi.

Baba Sajan kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya girgiza kai cikin takaici.

"Ba haka taka kuka ba," in ji shi. "Babbar bindiga ba ta gaugawa. Du-du-du, ta huta. Du-du-du, ta huta. In ka sake ta awa yadda kay yi, bakinta narkewa shika yi."

Dattijo mai shekara saba'in da wani abu, a kan gwiwoyinsa, yana du-du-du a zauren ƙanensa. A nan Alhaji ya kasa, ya saki dariya har da hawaye. Ni dai ban san lokacin da na fara son Baba Sajan ba, amma ina jin daga wannan du-du-du ɗin ne, don ya raba kunyar nan biyu ya ɗauki rabi.

Da zauren ya lafa, Alhaji ya share ido ya juya wurin Baffa. "Malam, mu muna nan muna tsoron boka, ashe yaro na da bai ida girma ba. Wanga ko kaza ba ya iya cuta. Ku taho Asabar ta sama a sa rana." Sannan ya dube ni, karo na farko ido cikin ido. "Kai kuma, da ka yi sallama ka roƙa, da buhu zan ba ka. Ba ɗibar ƙasa taj ja maka ba, waige-waigen na."

Na ce na gode, Baba. Ina lulluɓe falankin sai na ji Gwaggo Hassi tana tambayar matan ciki, da iyakar gaskiyarta, "To in ba asiri ba na, mi Luba tag gani gare shi?" Har yau ba wanda ya ba ta amsa, ni ma kuma ban matsa a bincika ba.

Bayan biki da kwana bakwai aka kawo gara. Ga shinkafa, ga mai, ga alkaki da nakiya, mata cike da tsakar gida ana guɗa. Cikin kayan sai ga wani ɗan buhu da aka ɗaure bakinsa da kyau, Gwaggo Hassi da kanta ta ɗauko shi ta dire a gabana. Na kwance. Jan yashi ne, lallausa, ko tsakuwa ɗaya babu.

"Sau ukku na tankaɗe shi da hannuna," in ji ta. "In ya ƙare ka aiko. Kada in sake ganin ka tsugune ƙohwar gidan mutane."

Yanzu falankin yana falo, ba a ƙarƙashin gado ba. Baba Sajan yakan zo duk bayan Asabar biyu, ya kama tudu tun kafin ya gama amsa gaisuwa, kuma bai taɓa bari na ci shi ko sau ɗaya ba. A gidan su Luba ba mai kiran sunana, daga Alhaji har jikoki Kwamanda suke ce min. Ita kuwa uwargidan, in abinci ya sauka, sai ta leƙo ta ce a tsagaita wuta haka nan, tuwo zai huce.

Abin da na koya bai da yawa. In kana da wata 'yar wauta da kake jin daɗinta, ka nuna ta da kanka tun da wuri, a yi maka dariyar a gama, don in ka ɓoye ta mutane za su cike gurbin da abin da ya fi ta muni. In kuma har ka ga yashi mai kyau a ƙofar gidan surukanka, kuma zuciyarka ta kasa haƙuri, to ka waiga bayanka ma. Gwaggo tana gindin dogon yaro.